Ɗan Aike Na Cikin Kwamfuta: Bayani Ga Hakimai Da Malamansu

Dalilin wannan takarda

Ko wane hakimi ya san darajar ɗan aike nagari. Shi ne wanda in an ce masa ya je ya kira wane, ba ya tsayawa tambayar unguwa ko ƙofar gida, kafin a jima sai ga shi tare da mutumin. Ofishin da ya sami irin wannan ma'aikaci aikinsa ba ya kwana.

A ofisoshin hakimai inda kwamfuta ta shiga, ta karɓi aikin tafireta, ta kuma karɓi aikin kabad ɗin da a ke jibge fayiloli. Wasiƙun da a ke aika wa Majalisar Sarki da Ƙaramar Hukuma, da takardun sulhu, da jerin sunayen dagatai da masu unguwanni, da rahoton allurar rigakafi, duk suna cikinta. Ajiyewa ba ta da wuya. Wahalar tana wajen fiddo abin da aka ajiye a daidai lokacin da a ke bukatarsa.

A ɗauki misali. Manoma biyu sun zo tun da sassafe daga wani ƙauye mai nisa, dagacinsu ya rako su, a kan iyakar gona wadda aka riga aka sasanta shekara uku da suka wuce. Hakimi ya dubi malaminsa ya ce, "Malam, kawo mini takardar sulhun nan." Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, tana nan ciki." Ya kama linzamin kwamfuta, ya buɗe wannan jaka ya rufe, ya buɗe waccan ya rufe, har aka kira azahar ba ta fito ba. Aka ce wa mutanen su dawo gobe. Ga damina ta faɗi, ranar shuka guda ta tafi, ga kuɗin mota. Abin da ya fi wannan muni kuwa, ɗayansu zai koma gida yana zaton da gangan aka ɓoye takardar.

Don maganin irin wannan ne aka shirya bayanin da ke biye, a kan wata ƙaramar manhaja wadda za a kira ɗan aike a cikin takardar nan, da yadda malami zai fara aiki da ita, da abin da ya wajaba ya gyara kafin ta amfane shi.

Mene ne ɗan aike?

Ɗan aike manhaja ce da ke zaune cikin kwamfuta ba a ganinta sai an kira ta. Kiranta kuwa da maɓallai ne, ba da linzami ba. In malami ya danna maɓallai biyu tare, sai wani ɗan akwati ya bayyana a fuskar kwamfutar, babu kome cikinsa sai wurin rubutu. Ya buga haruffa biyu ko uku na farkon sunan abin da ya ke so, nan take sunayen abubuwan da suka dace da haruffan su jeru a ƙarƙashin akwatin. In na sama shi ne abin da a ke nema, ya danna maɓallin da aka rubuta wa Enter, abin ya buɗe, akwatin ya ɓace. In ba shi ba ne, ya sauka da maɓallin kibiya zuwa wanda ya ke so. In kuwa ya fasa, ya danna Esc, ɗan aike ya koma inda ya fito.

Aikin ke nan gaba ɗaya: kira, da suna, da Enter. Amfaninsa iri biyu ne. Na farko, hannun malami ba ya barin allon maɓallai, watau ba ya katse rubutu ya tafi laluben linzami. Na biyu, kuma shi ne babba, ba lalle ne malami ya tuna inda ya ajiye takarda ba. Ya ishe shi ya tuna sunanta.

Asalin abin

Allon maɓallai ya girmi linzami nesa ba kusa ba. Jerin haruffan da ke kansa gado ne daga tafiretar da wani Ba'amurke, Christopher Latham Sholes, ya ƙera, wadda kamfanin Remington ya fara sayarwa a 1874. Shi ya sa tsohon akawun da ya koyi tafireta ba ya baƙunta a gaban kwamfuta. Linzami kuwa sai a 1968 Douglas Engelbart ya nuna shi ga taron jama'a a birnin San Francisco, bai kuma yaɗu a hannun mutane ba sai bayan da kamfanin Apple ya fitar da kwamfutar Macintosh a 1984. Da linzami, wanda bai taɓa ganin kwamfuta ba zai iya nuna hoto ya danna, abu ya buɗe. Wannan ya sauƙaƙa wa sabon shiga ƙwarai. Amma da takardu suka yi yawa, daga goma suka koma dubbai, sai nuni ya zama jan aiki, gama ba a nuna abu sai an gan shi, ba a kuwa ganinsa sai an tono shi.

Daga nan masu ƙirar manhaja suka waiwayi maɓallai. A tsakiyar shekarun 1990 aka fara wata manhaja mai suna LaunchBar, wadda wani kamfani na ƙasar Ostiriya ke kula da ita. A 2003 Nicholas Jitkoff ya fitar da Quicksilver domin kwamfutocin Apple. A 2005 Apple da kansa ya sa wa kwamfutocinsa irin wannan, ya kira shi Spotlight. A 2007 Microsoft ya sa akwatin nema cikin jerin nan na Start a Windows Vista. A 2010 wani ƙaramin kamfani a Ingila ya fitar da Alfred. A 2020 aka sami Raycast, a shekarar kuma Microsoft ya fitar da PowerToys Run domin Windows. A 2025 ya ƙara da wani sabo mai suna Command Palette, wanda ya shirya domin ya gaji PowerToys Run. Sunaye sun yi yawa, amma ɗabi'arsu ɗaya ce. Wanda ya iya ɗaya bai rasa hanyar sauran ba.

Yadda ya ke gano abu da sauri

Mai yiwuwa ne a yi mamakin yadda ɗan aike ke fiddo takarda ɗaya daga cikin dubbai kafin malami ya ɗaga yatsa. Ba bin takardun ya ke yi ɗaya ɗaya a lokacin da aka tambaye shi ba. Kwamfuta tana da fihirisa, kamar wadda a ke samu a ƙarshen manyan littattafai, ko kamar littafin rajistar wasiƙu da a ke ajiyewa a ofis. A lokacin da ba ta da aiki da yawa, sai ta bi jakunkuna tana rubuta sunan ko wace takarda, da inda ta ke, da ranar da aka taɓa ta, har da kalmomin da ke cikin waɗansu irin takardu, kamar waɗanda aka buga da Word. In an aiki ɗan aike, fihirisar nan ya ke dubawa.

Abu biyu ke fitowa daga wannan, kuma ya kamata a riƙe su. Takardar da ba ta shiga fihirisa ba, ɗan aike ba zai gan ta ba ko da tana nan. Takardar da aka ɗauka da kyamara ko aka yi wa sikanin kuwa, a wurin kwamfuta hoto ce kurum, galibi ba ta san abin da ke rubuce cikinta ba, sunanta kaɗai ta sani.

Wanda za a zaɓa

Ba a bukatar sayen kome domin farawa. Ko wace kwamfuta mai Windows tana da ɗan aikenta na gida. A layin ƙasa na allon maɓallai, wajen hagu, akwai maɓalli mai hoton taga. In an danna shi shi kaɗai aka saki, sa'an nan aka fara buga suna ba tare da an taɓa linzami ba, Windows za ta nemo abin. Mai kwamfutar Apple kuwa sai ya danne maɓallin Command, ya haɗa da dogon maɓallin nan na ƙasa mai ba da tazara tsakanin kalmomi, Spotlight ya fito. Kamata ya yi malami ya yi mako guda da na gidan tukuna, hannunsa ya saba.

Wanda ya ga yana son ƙari, in Windows gare shi, sai ya nemi PowerToys. Kyauta ne, na kamfanin Microsoft ne da kansa, kuma yana aiki a Windows 11 da kuma Windows 10 wadda aka sabunta daga fitowar shekarar 2020 zuwa sama. Ana samunsa a shagon manhajoji na Microsoft Store da ke cikin kwamfutar. Lalle ne daga can za a ɗauko shi, ko daga shafin Microsoft na GitHub. Kada a karɓi wanda wani ya kawo cikin filashi ba a san asalinsa ba, gama ta irin wannan hanya ce cuta ke shiga kwamfuta. Ɗauko shi yana bukatar intanet, amma da zarar ya zauna, buɗe manhaja da neman takarda da lissafi duk ba sa bukatarta. Masu Apple suna da Alfred da Raycast, ko wannensu ana fara aiki da shi kyauta, akwai kuma ƙarin da a ke biya. Masu Linux suna da KRunner da Ulauncher.

Misalan da ke biye na PowerToys Run ne. Ɗan aike ɗaya ya isa ofis ɗaya. In an tara biyu ko uku a kwamfuta guda, sai su yi ta rububin amsa kira ɗaya.

Matakan farawa

1. Bayan an saka PowerToys, a buɗe saitinsa, a nemi sashen PowerToys Run, a tabbata an kunna shi. A kuma tabbata an yarje wa PowerToys ya riƙa tashi tare da kwamfuta ko wace safiya.

2. A danne maɓallin Alt da babban yatsan hagu, a taɓa maɓallin tazara. Akwatin zai fito. A danna Esc ya ɓace. A maimaita wannan sau goma, har yatsu su riƙe shi ba sai an duba ba. Shi Command Palette kiransa maɓalli uku ne tare: mai hoton taga, da Alt, da na tazara.

3. A kira shi, a buga wo. Sunan Word zai bayyana in akwai shi a kwamfutar. A duba shi ne a sama, a danna Enter. A yi haka da Excel, da manhajar shiga intanet, da duk abin da a ke buɗewa kullum.

4. A gwada neman takarda wadda aka san tana nan. In ba ta fito ba, jakarta ba ta cikin fihirisa. Sai a danna maɓalli mai hoton taga, a buga indexing, a buɗe Indexing Options, a danna Modify, a sa alama a jakar da takardun ofis su ke. Bisa al'ada Windows tana lura da jakunkunan mai kwamfuta ne kawai, irin su Documents da Desktop, ba ta kuma sa abin da ke cikin filashi a fihirisa.

5. Tsara fihirisa karon farko ya kan ɗauki lokaci, yana kuma cin batir. A yi shi ranar da akwai wuta ko hasken rana ya cika batir, a bar kwamfutar a kunne har ta gama.

A makon farko malami zai ga hannunsa yana zarcewa wajen linzami da kansa, har ya ji kamar tsohuwar hanya ta fi sauri. Wannan sabo ne kawai. Dabarar ita ce ya ɗaure wa kansa abu guda: ba zai buɗe ko wace manhaja da linzami ba har mako ya ƙare. Kada ya ce zai koyi dukan abin da ɗan aike ya iya a rana ɗaya. Buɗe manhaja a makon farko, neman takarda a na biyu, lissafi da sauran a na uku. Galibin 'yan aiken nan kuma suna lura da abin da mutum ya fi zaɓa, su riƙa ɗaga shi sama, saboda haka kullum aikin ƙara sauƙi ya ke yi.

Alamomin da ke taƙaita aike

In an buga suna kawai, PowerToys Run zai kawo duk abin da ya yi kama da shi, manhaja da takarda da saiti a gauraye. Akwai alamomi waɗanda in an fara da su, sai ya san irin abin da a ke nufi.

Alamar tambaya ɗaya, watau ?, tana nufin takardu da jakunkuna kaɗai. Wanda ya buga ? sulhu zai ga takardun sulhu, ba tare da wani tarkace ba.

Ɗigo ɗaya a farko yana nufin manhajoji kaɗai.

Alamar daidai, watau =, ta lissafi ce. In buhu 45 ne, ko wanne a kan naira 1,200 na dako, a buga = 45*1200, amsa ta fito 54000. In an danna Enter, an kwafe amsar ke nan, sai a liƙa ta cikin wasiƙa.

Alamar kashi cikin ɗari sau biyu, watau %%, ta juya awo ce. Filin da aka auna da ƙafa a ke so a rubuta da mita, a buga %% 100 ft to m, zai ba da mita 30.48.

Alamar < tana kawo tagogin da ke buɗe a lokacin, domin wanda ya buɗe takardu da yawa ya rasa wadda ya ke ciki.

Har wa yau, in takarda ta fito a jeri amma ba buɗe ta a ke so ba, jakar da ta ke ciki a ke son gani, sai a danna Ctrl da Shift da E tare.

Akwai wata hikima kuma wadda ba ta ɗan aike ba ce, ta Windows ce, amma tafiyarsu ɗaya. In an danna maɓalli mai hoton taga tare da V, za a ga jerin abubuwan da aka kwafa a baya bayan nan, har guda 25, muddin an kunna wannan aiki. Ana iya kafe waɗanda a ke so kada su goge. Malami sai ya kafe gaisuwar buɗe wasiƙa, da cikakken laƙabin Mai Martaba, da adireshin ofis, ya huta da buga su sau ashirin a yini, ya kuma tsira daga kuskure a laƙabin manya.

Suna shi ne tushen aikin

Duk abin da aka faɗa a sama ba zai tsinana kome ba in ba a kula da wannan sashe ba. Ɗan aike da suna ya ke kira. In an aiki mutum ya kira Malam Musa a garin da ke da Malam Musa arba'in, ko ya dawo da arba'in ɗin, ko ya dawo hannu rabbana, kuma ba laifinsa ba ne. Haka kwamfutar da ke cike da takardu masu suna Document1, da wasiƙa, da wasiƙa sabuwa, da wasiƙa sabuwa ta gyara, da Scan0003. Malamin da ke cikin misalin farko, ko da yana da ɗan aike, in takardar sulhun sunanta Scan0003, da manoman nan sun koma gida haka nan.

Saboda haka ko wane ofis ya tsai da ƙa'ida ɗaya ta raɗa wa takardu suna, a rubuta ta a manna a bango. Ƙa'idar da ta fi sauƙin bi tana da gaɓa uku: kwanan wata, da irin takardar, da wuri ko batun. Ga misali:

2023-06-14 sulhu iyakar gona Tudun Wada
2024-01-09 wasika Karamar Hukuma gyaran rijiya
2024-11-02 rahoto rigakafi Sabon Gari

A lura da yadda aka rubuta kwanan watan: shekara, sa'an nan wata, sa'an nan rana, wata da rana ko wanne da lamba biyu. Dalili shi ne, in an jera takardu bisa suna, sai su bi juna bisa tsufa da kansu. Wanda kuma ya buga ? 2023 sulhu ya rage abin da zai duba ƙwarai. A raba lambobin da 'yar gajeriyar sanda ta kwance, domin Windows ba ta yarda da karkatacciyar sanda ko ɗigo biyu ko alamar tambaya a cikin sunan takarda ba.

Kalmomin gaɓa ta biyu su zama ƙidayayyu, kowa ya san su: wasiƙa, sulhu, rahoto, shaida, gado, taro, naɗi. Kada yau a ce sulhu, gobe a ce sasantawa, jibi a rubuta da Turanci. Sunan ƙauye ma a tsai da rubutunsa ɗaya. In wani malami ya rubuta shi a haɗe, wani ya raba shi biyu, an mai da ƙauye ɗaya ƙauyuka biyu a idon kwamfuta.

Tsofaffin takardun da suka riga suka taru ba a gyara su a yini ɗaya. A fara da na yau, ko wace sabuwar takarda ta sami suna nagari tun ran da aka buga ta. Sa'an nan a ware rabin sa'a ko wace rana a riƙa gyara goma goma daga cikin na da, a fara da na filaye da gonaki da gado, gama su ne a kan nema bayan shekaru, lokacin da waɗanda suka shaida abin wataƙila ba su da rai. Yau da gobe ita ke sa allura ginin rijiya.

Haruffa masu lanƙwasa

Akwai wani tarko da ya shafi mai rubuta Hausa musamman. Haruffan nan masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, waɗanda aka shigo da su rubutun boko a shekarun 1930, a wurin kwamfuta haruffa ne masu zaman kansu, ko wanne da lambarsa dabam da ta k da d da b. Takardar da aka sa wa suna da ƙasa, mai yiwuwa ne ta ƙi fitowa in an buga kasa, haka kuma in an juya.

Hanya biyu ce, ofis ya zaɓi ɗaya ya tsaya a kanta. Ta farko, a bar lanƙwasa a cikin sunayen fayiloli kawai, kamar yadda aka yi a misalan da ke sama, amma a cikin jikin wasiƙa a rubuta Hausa daidai da ƙa'idarta. Ta biyu, a sa tsarin maɓallan Hausa, wanda Windows ke da shi cikin saitin harsuna, kowa ya riƙa buga lanƙwasar ko'ina. Ana sauyawa tsakanin tsarin Hausa da na Turanci da maɓalli mai hoton taga tare da na tazara. Ta farkon ta fi sauƙi inda malamai ke da yawa, ko inda a ke aika takardu zuwa waya da waɗansu kwamfutoci. Abin gudu shi ne a gauraya.

Abubuwan da za a kiyaye

Na ɗaya, a karanta kafin a danna Enter. Ɗan aike ba ya musu. Yana amsa umarnin kashe kwamfuta, da sake tayar da ita, da zubar da kwandon takardun da aka goge. A cikin saitinsa akwai wurin da za a sa ya riƙa tambaya kafin ya aikata irin waɗannan. A kunna shi.

Na biyu, alamar > tana miƙa umarni kai tsaye zuwa cikin kwamfuta. Wannan aikin masana ne. In wani ya aiko da saƙo ta waya ko ta intanet ya ce a kwafi wani dogon rubutu a liƙa a danna Enter domin gyara wani abu, kada a yi. Hanya ce da 'yan damfara ke bi.

Na uku, akwatin nema na Start ya kan aika abin da aka buga zuwa Bing, injin nema na Microsoft, domin ya kawo amsa daga intanet in kwamfutar tana haɗe. Saboda haka sunayen masu ƙara da asirin mutane ba nan ne wurin buga su ba. A nemi irin waɗannan da PowerToys Run tare da alamar tambaya ɗaya. Alamar tambaya biyu kuwa ta neman abu a intanet ce, kada a rikita su.

Na huɗu, ɗan aike bai san fuskar maigidansa ba. Duk wanda ya zauna a kujerar malami zai iya kiran ko wace takarda cikin ƙiftawar ido, yadda malamin ke yi. Sauƙin da aka samu ya zama sauƙi ga mai leƙen asiri ma. Lalle ne kwamfutar ofis ta kasance da kalmar sirri. In malami zai tashi, ko da alwala zai yi, ya danna maɓalli mai hoton taga tare da L, kwamfutar ta kulle.

Na biyar, ɗan aike nema ya ke yi, ba ya tsare takarda daga ɓata. In kwamfuta ta lalace ko aka sace ta, ta tafi da shi da fihirisar da takardun duka. A riƙa kwafe takardun ofis zuwa wani ma'aji dabam ko wane mako, a ajiye shi a wani ɗaki. Takardun da ke da sa hannu da hatimi kuwa, na asalin su zauna cikin kabad a kulle kamar yadda aka saba.

Abin da ya rataya a wuyan hakimi

Ba lalle ne hakimi ya zauna gaban maɓallai da kansa ba, ko da ya ke in ya yi haka ya kyauta. Amma ƙa'idar suna ba za ta zauna ba sai da umarninsa, domin malamai suna zuwa suna tafiya, ofis kuwa yana nan. Malamin da ya riƙe wuraren takardu a kansa shi kaɗai, ran da aka yi masa canji ko ya kwanta ciwo, ofis ya makance. In an bi ƙa'ida ɗaya, sabon malami zai zauna ran da ya kama aiki, ya buga sunan ƙauye, tarihin ƙauyen ya jeru a gabansa.

Hanyar gwaji mai sauƙi ce. Sau ɗaya a wata hakimi ya ambaci takarda uku daga cikin na bara, ba tare da ya sanar tun da wuri ba, ya ce a kawo. In sun fito kafin ya gama gaisawa da baƙon da ke gabansa, aiki ya yi kyau, malam ya cancanci yabo. In ɗaya ta ƙi fitowa, a bincika dalili: ko jakarta ba ta cikin fihirisa, ko sunanta bai bi ƙa'ida ba, ko lanƙwasar harafi ce ta ɓoye ta. Cikin ukun nan ba a kan rasa ɗaya ba, kuma ko wanne gyaransa bai wuce 'yan mintoci ba.

Talakan da ya baro gonarsa ya zo ƙofar hakimi bai san sunan manhaja ba, bai kuwa damu ya sani ba. Abin da zai gani shi ne an nemi takardarsa, an same ta, an karanta masa abin da aka yanke a gaban shaidu, ya koma gida kafin rana ta yi zafi.